Wane Ne Ke Cikin Baƙar Rigar Nan?

 A watan nan zan ajiye zancen allo da alli, in ba ku labarin wani hoton sinima na Amurka. Kada iyaye su ce malam ya fara lalacewa. Ku dai bi ni a hankali.

Cikin hutun da ya wuce ɗana na fari ya matsa mini, wai lalle sai mun zauna mun kalli wani tsohon hoto tare. Sunansa The Empire Strikes Back, watau Daular ta Rama. An fara nuna shi cikin watan Mayu na 1980, ashe ma ya ɗan girme ni. Shi ne kashi na biyu na Star Wars, watau Yaƙin Taurari, wanda George Lucas ya fito da shi a 1977. Labari ne na ƙage irin wanda a kan gina bisa kimiyya, da jirage masu tafiya tsakanin taurari, da mutanen ƙarfe masu magana, da takubban haske. Akwai wata muguwar daula, akwai 'yan tawaye kaɗan masu yaƙi da ita, cikinsu da wani saurayi, Luke Skywalker. Babban mugun labarin kuwa shi ne Darth Vader, wani ƙaton mutum sanye da baƙar alkyabba har ƙasa, da baƙin kwalkwali wanda ya rufe masa fuska ruf, numfashinsa kamar zugazugin maƙeri.

Da muka gama sai yaron ya ce, "Baba, wane ne ke cikin baƙar rigar nan?" Na ɗauka tambaya ce mai sauƙi. Ashe mutum huɗu ne suka haɗu suka zama Vader, kowannensu kuma da abin da ya gani a cikin rabon da aka ba shi.

Na fari sunansa David Prowse, Bature ne mutumin Bristol a ƙasar Ingila. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 6, shi ne kuma zakaran ɗaga ƙarfe na masu nauyi a Birtaniya shekara uku a jere, daga 1962 zuwa 1964. Sa'ad da Lucas ke neman 'yan wasa domin kashi na fari, ya ba shi zaɓi biyu: ko ya zama Chewbacca, wata doguwar halitta mai gashi buzu-buzu wadda ke tare da mutanen kirki, ko kuwa ya zama mugun. Prowse ya ɗauki mugun. Hujjarsa ita ce mutane sun fi tunawa da mugu. Rigar gashin sai ta faɗa wa Peter Mayhew, wani ma'aikacin asibiti a Landan wanda ya fi shi tsawo ma, gama ya haura ƙafa 7.

A 1976 Prowse ya sa rigar, ya haddace maganganunsa, ya yi ta faɗinsu daga cikin kwalkwali, yana tsammani muryarsa ce za a ji. Amma bakinsa bakin mutanen yammacin Ingila ne, irin wanda in Turawan can suka ji su kan tuna da manomi a gona. Har abokan aikinsa suka laƙaba masa suna, wai Darth Manomi. Da Lucas ya koma Amurka yana harhaɗa hoton, sai ya share muryar, ya kira James Earl Jones, wani baƙar fata Ba'amurke mai murya kamar cida daga nesa. Shi ne mutum na biyu. Jones ya karanta maganganun cikin 'yan sa'o'i, aka biya shi dala 7,000, ya kama hanyar gida. Prowse ya yi ta faɗa har tsufansa cewa ba wanda ya gaya masa za a yi haka.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya kalli hotunan Indiya da aka juya zuwa Hausa, ko waƙoƙin da ke cikin hotunan Kano, ya san baki na wani ne, murya ta wani. Sai dai a can, ko ba kome, a kan ga fuskar ɗan wasa. Shi Prowse an riga an rufe fuskarsa, ga shi kuma an ɗauke muryarsa. Abin da ya rage masa shi ne tafiya, da tsayuwa, da yadda ya ke nuna mutum da yatsa. Kada kuwa a raina wannan. Ku kashe sautin ku duba yadda Vader ke juya kai a hankali in wani hafsa ya kawo masa mugun labari. Tsoron yana nan ko ba murya.

To, kashi na fari ya ci kasuwa irin wadda ba wanda ya zata, nan fa al'amura suka sake. Domin kashi na biyu Lucas ya zuba kuɗinsa, ya kuma ci bashin banki, don kada kamfani ya riƙa juya shi, har kuɗin aikin ya haura dala miliyan 30. Bai ja ragamar da kansa ba, sai ya ɗauko Irvin Kershner, wanda ya taɓa koyarwa a jami'ar da Lucas ya yi karatu a Kaliforniya. Aka fara ɗauka cikin watan Maris na 1979 a Finse, wani ɗan ƙauye mai dusar ƙanƙara a ƙasar Norwe, inda guguwa ta yi tsanani har masu kyamara suka tsaya a ƙofar otal, suka tura Mark Hamill, mai wasan Luke, waje shi kaɗai ya yi ta faɗuwa cikin ƙanƙara. Yawancin sauran aikin an yi shi a Elstree, kusa da Landan.

Nasarar nan ta raba 'yan wasan gida biyu. Waɗanda duniya ta san fuskarsu, bakinsu ya yi ƙarfi. Harrison Ford, mai wasan Han Solo, wanda a dā ya kan haɗa da aikin kafinta don ya ci da iyalinsa, bai sa hannu a kan kashi na uku ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka daskarar da Han kamar gunki kusa da ƙarshen labarin, domin in Ford bai dawo ba a sami abin faɗa. A wurin nan ne gimbiya Leia ta ce wa Han tana ƙaunarsa. Takardar wasa ta ce ya mayar mata da amsa mai taushi, amma Ford ya ce Han ba zai yi magana haka ba. Shi da Kershner suka zauna suka sake, Han ya amsa mata cewa ya sani, kurum. Carrie Fisher, mai wasan Leia, ranta ya ɓaci domin an sake maganar wurin ba da ita ba. Ni kuwa ina ganin tana da gaskiya, ko da ya ke sakewar ta yi kyau. Shi kuma Alec Guinness, dattijon da ya yi tsohon malami Obi-Wan Kenobi, tun farko yana ganin maganganun labarin shirme ne. Ya zo rana ɗaya tak, aka ɗauki nasa, aka yanka masa ɗan kaso daga ribar.

Marasa fuska kuwa, ga abin da ya sami babbansu. Kusa da ƙarshen hoton, Vader ya sare wa Luke hannu, ya kora shi bakin wani rami mai zurfi, sa'an nan ya gaya masa cewa shi ne ubansa. Wanda bai kalla ba ya gafarce ni, amma asirin da ya shekara fiye da 40 a kasuwa ya daina zama asiri. A 1979 dai babban asiri ne, ga kuma bashin banki a wuyan Lucas. Saboda haka aka rubuta ƙarya cikin takardar da aka raba wa 'yan wasa da ma'aikata. Hamill ya sha ba da labarin yadda Kershner ya ja shi gefe gab da za a ɗauki wurin, ya raɗa masa gaskiyar, ya ce daga shi sai Lucas suka sani, yanzu ga na uku, in maganar ta fita an san bakin wanda ya fitar. Prowse kuwa aka bar shi ya faɗi abin da ke cikin takardarsa, watau Obi-Wan ne ya kashe uban Luke. Ga injin iska yana ruri, ba mai jin wani sosai. Hamill yana kuka da kururuwa saboda magana ɗaya, mutumin da ke tsaye gabansa yana miƙa masa hannu saboda wata dabam.

Daga baya Jones ya shiga ɗakin ɗaukar murya ya karanta ta gaskiyar. Shi ma ya ce da ya ga maganar, abin da ya fara zo masa a rai shi ne Vader ƙarya ya ke yi. Prowse bai san abin da aka sa a bakinsa ba sai da aka nuna hoton. Ya ce da an gaya masa, da ya yi wasan ta wata hanya dabam. Ku auna wannan, 'yan'uwa. Wuri ne da ke cikin waɗanda aka fi tunawa a tarihin sinima, mutum yana tsaye a tsakiyarsa, ya sha zufa cikin fata da ƙarfe, shi ne kuwa bai san abin da a ke ciki ba.

Me ya sa aka yi masa haka? Baki shi ke yanka wuya. Prowse mutum ne mai son hira, ba ya barin ɗan jarida ya wuce shi. A 1978, a wani taron masu sha'awar hoton a garin Berkeley na Kaliforniya, ya gaya wa jama'a cewa za a gano Vader uban Luke ne, jarida kuma ta buga. Daga baya aka ce dace kawai ya yi, amma irin wannan ne ya sa masu hoton ba su saki jiki da shi ba.

Mutum na uku yana cikin wannan faɗa ɗin. Karon takobin da ya kai ga sare hannun, yawancinsa ba Prowse ba ne cikin rigar. Bob Anderson ne, gwanin wasan takobi wanda ya tsaya wa Birtaniya a wasannin Olamfik na 1952 a Helsinki. Ya ba shekara 55 baya a lokacin, bai kuma kai Prowse tsawo ba, sai da aka ƙara masa dunduniyar takalmi. Ba a bayyana wa jama'a cewa shi ne ke riƙe da takobin Vader ba, har 1983, sa'ad da Hamill ya tona a wata mujalla, ya ce mutumin ya sha wahala ƙwarai, bai kamata a ci gaba da ɓoye shi ba. Mu kan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. To, a nan wace ce kurar? Prowse yana kukan an ba Jones yabon jikinsa, shi kuma yana karɓar yabon takobin Anderson.

Na huɗu ya zo a kashi na uku, Return of the Jedi, a 1983, inda a ƙarshe aka cire kwalkwalin. Prowse ya sa rai ranar ce duniya za ta ga fuskarsa. Sai aka ɗauko Sebastian Shaw, wani tsohon ɗan wasan dandali wanda ya haura shekara 75, aka ɗauki wurin a ɓoye. Shaw ɗin ma bai tsira ba. Ya rasu a 1994, da aka sake fito da hotunan a faifai a 2004 sai aka goge siffarsa daga wurin ƙarshe inda ya ke tsaye yana murmushi, aka sa wani saurayi, Hayden Christensen. A gyaran nan ne kuma aka cire muryoyin 'yan wasa biyu, Clive Revill da Jason Wingreen, daga kashi na biyu, aka sa na wasu.

Kafin in faɗi ra'ayina, bari in ambaci sababbin shiga biyu na 1980, gama labarinsu yana haskaka na Prowse. Akwai Yoda, ɗan ƙaramin tsohon malamin nan kore mai dogayen kunnuwa, wanda ya koya wa Luke a cikin fadama. 'Yar tsana ce. Da fari ma biri aka gwada, aka rufe masa fuska aka ba shi sanda, abin bai yiwu ba. Sai Stuart Freeborn ya ƙera kan tsanar, ya kwaikwayi tasa fuskar, ya ƙara da tamojin Albert Einstein. Lucas ya nemi Jim Henson, sarkin masu wasan tsana, shi kuwa ya tura shi wurin abokin aikinsa Frank Oz. Aka ɗaga daɓen wurin wasan sama domin Oz ya shiga ƙarƙashi, hannunsa a miƙe cikin tsanar, mataimaka suna motsa kunnuwa da idanu. Hamill ya yi makonni shi kaɗai ne ɗan adam a gaban kyamara, daga tsana sai macizai da ƙadangaru, da ƙyar ma ya ke jin abin da Oz ke faɗa daga ƙarƙashin katako. Da aka gama, Lucas ya so ya yi wa Oz abin da ya yi wa Prowse. Ya gwada muryoyin wasu, bai sami wadda ta dace ba, ya komo ya ce Oz ya yi da tasa. Har ya nema masa shiga takarar lambar Oscar, ko da ya ke bai samu ba. Wannan ya nuna mini Lucas ba ƙin marasa fuska ya ke yi ba. Kunnensa ya ke bi.

Ɗayan kuwa fuskarsa ce ta jawo masa. An yi ƙorafi cewa kashi na fari ya cika sararin sama da farar fata zalla. A na biyu aka ɗauko Billy Dee Williams, baƙar fata wanda ya riga ya yi suna, ya zama Lando Calrissian, mai mulkin wani birni a cikin gizagizai, tsohon abokin Han. Lando ne ya ba da Han ga Vader. Williams ya sha faɗa cewa in ya je ɗaukar 'yarsa a makaranta, sai yara su kewaye shi suna cewa ya ci amanar Han Solo. Shi kuma ya kan kāre Lando, ya ce mutumin yana da jama'ar birni guda a wuyansa, daula ta tsare shi, ba kuwa wanda ya mutu. Duk malamin da ya taɓa raba matsayi a wasan Ista ya san wannan. Ba yaron da ke son zama Yahuza, domin ya san sunan zai bi shi har filin ƙwallo. Williams ya dawo ya sake yin Lando a 2019 yana da shekara 82. Maganar launin fata kuwa ba ta ƙare da shi ba. John Boyega, wanda aka haifa a Landan, iyayensa 'yan Nijeriya, ya shiga jerin hotunan a 2015, a 2020 kuma ya fito fili ya ce an yi talla da shi kamar babban ɗan wasa, sa'an nan aka ture shi gefe.

Yanzu ga nawa ganin. Lucas ya yi daidai da ya sake muryar. An taɓa sakin guntayen hoton da muryar Prowse ta asali, wanda ya ji zai yarda. Ya yi daidai da ya ba gwani takobi. Ko fuskar tsoho a ƙarshe tana da hujja, gama uban da ya sha wuya a ke so a gani. Mai aiki yana da ikon zaɓen abin da zai kyautata aikinsa. Inda na tsaya shi ne rashin gaya wa mutum. Aƙalla sau uku aka yanke shawara a kan Prowse, ga yadda ya ba da labari kuwa, kowane karo sai daga baya ya ji. Asirin uban Luke, na yarda akwai dukiya a kansa, bakin Prowse kuma ba shi da linzami. Amma maganar murya fa? Wace hasara za a yi in an kira shi an ce, "Jikinka mu ke so, murya za mu nemo wata"? Zai ji zafi rana ɗaya. Wanda aka bar shi ya tsinci labarin kansa a bainar jama'a, zafinsa ya kan yi shekaru.

A kan yabi Jones a nan, ya kuwa cancanta. Shi da kansa ya roƙa kada a sa sunansa a kashi na fari da na biyu, ya ce shi ɗaya ne kawai daga cikin dabarun da a ke ƙawata hoto da su, Vader na wanda ya sa rigar ne. Sai a 1983 sunansa ya fito. Labarin muryar tasa ma abin ji ne. An haife shi a 1931 a jihar Misisipi, yana da shekara 5 aka kai shi gonar kakanninsa a Mishigan, i'ina ta kama shi har ya yi kusan shekara 8 da ƙyar ya ke buɗe baki a gaban mutane. Wani malaminsa na sakandare, Donald Crouch, ya ga wata waƙa da ya rubuta, ya ce in dai da gaske shi ya rubuta ta, ya tashi ya faɗe ta da ka a gaban aji. Ya tashi ya faɗa, bai yi tuntuɓe ba. Mu malamai mu kan so labarin nan, watakila fiye da kima.

Duk da haka ba zan ɗauki Jones in doki Prowse da shi ba. Kafin Star Wars, Jones ya riga ya ci Tony, babbar lambar wasan dandali ta Amurka, a 1969, an kuma sa shi takarar Oscar. Rumbunsa cike ya ke, kyautar dami ɗaya ba za ta hana shi barci ba. Ya kuwa ba da aikin 'yan sa'o'i ne. Prowse watanni ya yi cikin rigar, ba shi kuma da wani matsayi a sinima da ya kai wannan. Suna a wurin mutanen sinima ba ado ba ne, shi ne abincin gobe. Shi kansa Lucas ya ɗanɗana haka a kan hoton nan na 1980: ƙungiyar daraktocin Amurka ta ci tara domin an sa sunan Kershner a ƙarshen hoto maimakon farko. Lucas ya biya, ya fita daga ƙungiyar.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wata shekara a wasan Kirsimati na makaranta na ba wani dogon yaro matsayin mala'ika. Tsayuwarsa ta dace, amma muryarsa ba ta kai benci na uku ba. Ran wasa na ba wata yarinya mai ƙarfin murya lasifika a bayan labule, na ce ta riƙa karanta maganganun, ban gaya wa yaron ba, don ina gudun kada ya yi fushi ya ƙi zuwa. Ya buɗe baki, sai ya ji muryar mace ta cika majami'a. Jama'a suka yi dariya, ya daure ya gama. A takardar shirin kuma sunansa kaɗai na sa, ita ba ta ciki. Watau da dutse ɗaya na jefi yara biyu. Yaron bai ƙara shiga wasa ba har ya bar makarantar, na kuwa ba shi haƙuri, amma a makare.

Ƙarshen Prowse da masu hoton bai yi daɗi ba. Ya ce ya kan sami wasiƙa cewa Return of the Jedi bai ci riba ba tukuna, saboda haka ba abin da za a aiko masa daga kasonsa. A 2010 aka hana shi zuwa tarurrukan da kamfanin Lucas ke shirya wa masu sha'awar hotunan. A 2015 wasu Sifaniyawa biyu suka yi hoton tarihinsa, har suka sake shirya wurin cire kwalkwalin da fuskarsa shi kansa, amma ba a ba su iznin nuna wurin ga jama'a ba. Jones kuwa, kafin rasuwarsa a watan Satumba na 2024, ya yarda wani kamfanin Yukren, Respeecher, ya koya wa na'ura muryarsa daga tsofaffin faya-faye, da ita Vader ya yi magana a wani shirin talabijin na 2022.

In aka tambayi Prowse aikin da ya fi so a ransa, ba Vader ya kan ce ba. Daga tsakiyar shekarun 1970 har 1990 shi ne Green Cross Code Man, wani jarumi mai kaya kore da fari wanda gwamnatin Birtaniya ta sa yana koya wa yara yadda a ke ƙetare titi, a talabijin da kuma makarantu. A nan fuskarsa a buɗe ta ke, yaran Ingila na lokacin duk sun san ta. Saboda wannan aiki da taimakon gajiyayyu aka ba shi lambar girma ta MBE a 2000. Ya rasu ran 28 ga Nuwamba 2020, yana da shekara 85. Amma shekara da shekaru yana yawo ƙasa ƙasa, mutane suna miƙa masa hotunan baƙin kwalkwalin nan ya sa musu hannu, ba kuwa sunansa kaɗai ya kan rubuta ba. Ya kan rubuta cewa Dave Prowse shi ne Darth Vader.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.